Lambar Tana Wayar Surukinsa

"Ta sake mutuwa!" Mardiya ta doki tebur. "Malam Abdullatif, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika fal. Ko saƙo ɗaya bai fita ba."

Abdullatif ya tsallake wayoyin da ke zube a ƙasa ya faɗa kan kujera. Su biyu ne ke kula da manhajar ƙungiyar manoman rani a wannan ɗan ofishi na Dutsin-Ma, wadda ke aika wa manoman bakin madatsar ruwa ta Zobe saƙo a waya. Saƙon yau kuwa ba na wasa ba ne: bayan azahar za a saki ruwa, duk mai injin ban-ruwa a cikin rafi ya janye abinsa. Ga rana ta take tsaka.

Ya kashe kwamfutar, ya kunna. Kafin ya gama share zufa ta soma nishi.

Mardiya ta juyo da allon gabanta, tana bi da yatsa. "Dubi nan. Duk sanda manhajar za ta shiga wajen kamfanin tura saƙo, sai ta buɗe layi ta ware masa wuri a ƙwaƙwalwa. In an karɓi lambar sirrinta, ta gama ta rufe. In an kore ta fa? Ta bar shi a buɗe ta sake buɗe wani. Ga su nan jibge, sun cinye wurin kaf. Wai wa ya ce mata ta yi ta maimaitawa ba hutu?"

Shi ne kuwa ya sa manhajar yin hakan.

"Me ma ya sa ake korar ta?"

"Kamfanin ya sauya lamba," ya ce can ƙasan maƙoshi. "Sabuwar tana wayar shugaban ƙungiya."

"To a kira shugaba mana!" Sai ta tsaya, ta dube shi, ta kama haɓa. "Oho! Alhaji Sodangi. Baban amarya."

Abdullatif ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun da aka ɗaura masa aure da Mubina bai taɓa kiran surukinsa a waya ba. In ya je gidansa a Kurfi, daga bakin zaure yake durƙusawa, ya gaida shi idonsa a kan tabarma, ya sulale. Ina shi ina cewa, "Baba, karanto mini lamba"? Ya aika ta bakin Mubina, Mubina ta faɗa wa mahaifiyarta Hajiya, Hajiya ta faɗa wa Alhaji. Amsa ta dawo cewa Alhaji ba ya ba mace lambar sirri ta kai wa kowa, haka 'yan damfara ke yi. Shi ne Abdullatif ya sa manhajar ta yi ta gwada tsohuwar, ko Allah zai sa ta shiga.

"Ango mai kunya," in ji Mardiya. "Kai ka ji kunya, kwamfuta ta sha wuya. Gyara, ni zan nemo maka layinsa."

Ya duƙufa ya gyara manhajar. Ko an karɓa ko an ƙi, manhajar ta rufe layin ta saki wurin. In an kore ta, ta tsaya ta yi ƙara, kada ta sake gwadawa. Ya kunna. Ƙwaƙwalwar ta tsaya cak, ba ta ƙara hawa ba. Saura lamba.

Mardiya ta ɗora masa waya a kunne tana ringin. Bai san sanda ya zame daga kujera ya durƙusa a kan siminti ba.

"Baba, ina wuni? An wuni lafiya? Ya gajiya? Ya Hajiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Abdullatif. Yau kai ne a waya? Ya iyali? Ya mutanen Dutsin-Ma?"

Mardiya na nuna masa agogo tana cije leɓe, shi kuwa ya kasa katse babba. Sai da aka gaida kowa har da shanu. Ladan ya kira sallar azahar, masallacin bayan ofis ya tayar.

"Baba, dama... wata 'yar lamba ce..."

"Ai na sani. Ina ta jira ka buɗe baki da kanka. Ni dodo ne? Tsaya in nemo tabarau."

Alhaji ya karanto a tsanake, ya yi kuskure, ya koma farko. Abdullatif ya shigar. Saƙonni suka fita a guje, amma tuni an sallame salla, mutane har sun watse, ruwa kuma an riga an sake shi.

Yana nan durƙushe, bai ko iya duban Mardiya ba, sai ga ƙarar babur a ƙofa. Wani dogon mutum da bai taɓa gani ba ya shigo, wando a jiƙe har cinya, rungume da injin ban-ruwa yana ɗigar da laka. Ya dire shi a kan tebur, kusa da kwamfutar.

"Wannan kaɗai muka tsamo," ya ce. "Sauran masu injin suna tafe a mota. Wane ne mai aika saƙo a cikinku?"