Inda Muryar Ta Ɗauke

Ranar da Baba ya dawo daga aiki bai amsa sannu da zuwan kowa ba, 'yarsa Auta ta san an taɓo shi. Mutum ne da tun da idonsa ya tafi bai yarda a riƙe masa hannu ba. Kwamfuta yake koyarwa a cibiyar makafi, da taimakon wata murya mai karanta masa abin da ke kan allo.

Sai da ya sha ruwa sannan ya amayar da abin. Ya tara ɗalibai zai nuna musu yadda ake girka babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sabuwar fitowa, ba tare da mai ido ba. Murya ta karanta zaɓin harshe, ta karanta na agogo, ana zuwa shafin zaɓen faifai, wato ma'ajiyar da za a girka manhajar a kai, sai ta yi gum. Ya danna nan, ya danna can, shiru kake ji. Ƙarshenta mai gadi aka kira ya duba allo.

"Mai gadi, Auta! Kuma wata ɗaliba ta ce, ashe dai sai da mai ido. Wallahi na ji kunya."

Auta rubuta manhaja ce sana'arta. Ta ce, "Baba, ai wannan ba a kulle take ba. Kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, ya tura wa masu kula da ita."

"To zaman me kike yi?"

Ta baje kwamfutoci biyu a teburin cin abinci, Mama na mita an hana ta wurin ajiye kwano. Ba ta sha wuya ba ta gano aika-aikar. Wanda ya sake gina shafin ya ƙawata shi da hotunan faifai gwanin sha'awa, ya manta bai raɗa musu sunan da murya za ta karanta ba. Ta sa suna, ta gwada, murya ta karanta tsaf. Ta miƙe har da 'yar rawa.

"Baba, an gama!"

"Juya allon ga bango, ki sake."

Ta yi dariya ta juya. Faifai ya zaɓu lafiya. Sai ga gargaɗin nan da ke tambaya ko a goge duk abin da ke ciki, wanda ta saba wucewa da ido ba ta ko lura. Murya ta ce, "Maɓalli." Auta ta matsa gaba, murya ta sake cewa, "Maɓalli." Shi ke nan. Yatsan Auta ya tsaya a sama.

"Danna mana, gwana."

"Ban san wanne ke gogewa ba."

"Madalla. Yanzu kika shigo ajina."

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu, ita da rubutu, shi da kunne. Baba kuwa ba ya raga wa kowa. Wannan ya yi tsawo, wancan ya zo a makare, a fara faɗin haɗari kafin tambaya. Ta tura gyaran. Masu kula da manhajar suka dawo da shi da 'yan ƙorafe-ƙorafe, ta yi tsaki ta gyara, suka karɓa. Ɗayansu ya roƙi wanda ya gwada ya riƙa gwada musu sauran shafuka. Da ta karanta wa Baba, cewa ya yi zai duba ko yana da lokaci, alhali bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da gyaran ya fito, ta ɗauki izini a wurin aiki ta bi shi cibiyar. Ta raɓe kusa da teburinsa, ko da wani abu zai taso. Baba ya kira ɗalibar nan ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya ce ita za ta girka. Sannan ya ɗaga kai.

"Duk mai ido ya fita."

Auta ce kaɗai mai ido a ɗakin. Aji ya kwashe da dariya. Ta fita ta jingina da bango. Ta taga ta ji murya ta karanta faifai, ta karanta gargaɗi, ta faɗi wanne ke gogewa. Sai ƙarar dannawa.

"Malam, ta wuce!" in ji ɗalibar. "Ni na yi!"

Auta ta tsaya a waje tana share ido, babu wanda ya neme ta.