Baƙar Wayar da Inna ta Ɗaure

Kwana biyu Yalyane, matar yayana, tana naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa. Yayana Nyadma yana can arewa da garken barewarmu masu jan keke a kan ƙanƙara, kuma da sabon babur ɗin ƙanƙara ya tafi. Barewa biyun da ya bar mana tsofaffi ne, kafin su kai mu ƙauye wurin likita sai an kwana a hanya. Babur ɗaya ya rage, shi ma ya bar hannunmu. Na Baba ne, yana kan tudu kusa da kabarinsa tun farkon sanyi.

"Ke, uwar littattafai," in ji Yalyane, tana cije leɓe. "Duk karatun nan naki, babu shafin da ya faɗi yadda ake fito da ɗa?"

"Babu, Yaya."

"To ƙona su mu ji ɗumi."

Ta yi dariya, dariyar ta koma nishi. Na ga leɓenta ya fara yin shuɗi. Ban gaya wa Inna inda za ni ba. Na ɗauki galan ɗin fetur da sifana da ƙaramin littafin da Baba yake rubuta gyare-gyarensa, na fita.

Tsakar rana ce, amma hasken kamar toka. A kan tudun komai yana nan yadda aka bar shi: akwatin katakon da Baba yake ciki, keken jansa a kife, butarsa da aka huda. A al'adarmu, abin da bai lalace a nan ba, ba ya isa hannun mamaci a can. Na kaɗa ƙararrawar da ke rataye a sanda sau ɗaya don ya san na zo. Sai na share dusar ƙanƙara daga babur ɗin. Babu saran gatari a jikinsa ko ɗaya, abin ya ba ni mamaki.

Na zuba fetur, na ja igiya har kafaɗata ta yi zafi. Inji yana juyawa, bai ko yi tari ba. Na buɗe littafin. Baba ya rubuta: fara da wuta. Na kwance fulogi, na jingina shi da ƙarfen inji, na ja. Babu tartsatsi. Na sa sabo, wanda Baba yake ɓoyewa ƙarƙashin kujera cikin tsumma. Babu. Na duba hular fulogi, na bi wayar har kwayil, ko tsagewa babu.

A lokacin ne ƙararrawar ta yi ƙara a bayana. Babu iska. Ban juya ba. Na ce wa kaina katako ne ke motsi saboda sanyi, na ci gaba da karatu da ƙarfi don in ji muryar mutum.

Shafi na gaba layi ɗaya ne, an ja masa layi a ƙasa: baƙar waya ta maɓallin kashewa, in ta taɓa ƙarfe, wuta ta tafi ƙasa. Na bi ta da yatsa har cikin inji. Can na same ta. An feɗe mata fata, an naɗe ta jikin kusa, an ɗaure da jijiyar barewa. Na san ƙullin nan. Irinsa Inna ta yi a takalmana.

"Kar ki kwance, Edeine."

Inna ce, tsaye a bayana, da wani dogon abu a naɗe cikin fata a kafaɗarta.

"Inna, ke kika kaɗa ƙararrawar?"

"Yanzu na iso." Ta dubi sandar, ta kau da kai. "Babanki ne ya nuna min wayar, kwana uku kafin ya tafi. Ya ce, 'Tsohuwa, kar ki sa masa gatari, ki kashe shi a hankali.' In kin tashe shi a nan, kin ƙwace masa a can. Da ƙafa zai bi garkensa, da gurguwar ƙafar nan tasa."

"Yalyane ba za ta kai gobe ba."

"Na sani. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba."

Ta sauke abin da ta ɗauko, ta warware. Katakon tafiya kan ƙanƙara ne na Baba, irin dogayen da ake ɗaurawa a ƙafa, guda biyu, waɗanda muka ɗauka sun ɓace. Ashe ranar binnewa ta ɓoye su ƙarƙashin shimfiɗarta, ta kasa rabuwa da su. Ta shafa su da safar hannunta, ta jingina su da kabarin.

"Kai, malalaci," ta ce wa akwatin. "Tunda ka sayi ƙarfen nan ka manta da ƙafafunka. Ga su nan, ka yi haƙuri da su. Jikanka ne ke hanya."

Ta taka na farko ya karye. Na biyun sai da ta taka sau uku.

Na yanke jijiyar, na naɗe wayar da tsumma, na jingina fulogi da ƙarfe, na ja. Tartsatsi shuɗi ya yi tas! Na ɗiga fetur a ramin fulogin, na mayar da fulogi. A ja na huɗu inji ya tashi, hayaƙi ya lulluɓe kabarin.

Muka koma gida, muka ɗaura keken ja a baya, Inna ta rungume Yalyane cikin fatu, na bi kogi ban tsaya ko sau ɗaya ba. Da yamma aka yi wa Yalyane aiki a asibiti. Jaririya mace aka ciro, da kuka kamar na babban mutum.

Bayan kwana biyu muka juyo gida, ni da Inna. Dusar ƙanƙara ba ta sake sauka ba, sawun babur ɗinmu yana nan. A gefensa akwai wasu layuka biyu sirara, irin sawun katakon tafiya, tun daga ƙofar asibiti har iyakar gani. Na hagu yana ɗan jan ƙasa.

Inna ta dafa kafaɗata na rage gudu. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe bai manta ba," ta ce. "Ja mu tafi, kar ki taka masa."