Biyar ɗin da Suka Ƙi Buɗewa

Shekara huɗu ina aikin kula da Musye Gaston a birnin New York, ban taɓa saɓa wa takardar da ke manne a ƙofar firij ɗinsa ba sai wata Laraba cikin watan Oktoba. 'Yarsa Madam Helen ce ta rubuta takardar, ta ja layi a ƙarƙashin abu uku: ba gishiri, ba giya, ba abincin waje. Ranar da na fara aiki ta faɗa mini ido da ido cewa ta sallami mata biyu kafin ni, kuma sallamar ta uku ba za ta yi mata wuya ba. Ta kuma kafa kyamara a saman akwatin littattafai na falo, tana kallonmu daga ofishinta a wani gari duk lokacin da ta ga dama.

Tsohon ɗan Beljiyam ne, shekararsa tamanin da huɗu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama, ya kuma kwashe Turancin da ya yi shekara hamsin yana yi, ya bar masa Faransancin ƙuruciya, shi ma guntu-guntu. Dalilin da ya sa kamfanin masu kula da tsofaffi ya turo ni ke nan, ni Zalika 'yar Maraɗi da na yi boko da Faransanci. Na zo neman abinci ne kawai, amma a hankali na shaƙu da shi. Ni kaɗai nake gane abin da yake nufi idan kalma ta maƙale masa, har 'yar tasa sai ta kalle ni idan ya yi magana.

Mako uku yana damuna da kalma ɗaya: mul, wani abincin ƙasarsu. Da safe mul, da rana mul. Ya sa na ɗauko masa wani tsohon hoto, shi da marigayiya matarsa a gaban wata baƙar tukunya, kowa da kofin giya. Ya nuna mini kalanda, ya ɗora yatsa a kan Laraba, ranar aurensu. Na ce masa a'a sau ba adadi. Ranar Talata ya daina roƙo, ya juya fuskarsa bango, ya ƙi cin dankalin da na dama masa. Wannan shirun ne ya karya ni.

Da hantsin Laraba na sa masa kwat ɗinsa mai ruwan toka, na zaunar da shi a keken guragu, na tsaya daidai saitin kyamara na ce da ƙarfi za mu shan iska a lambu. Ko ni da na faɗa ban yarda da muryata ba.

Gidan abincin 'yan Beljiyam da ake sayar da mul ɗin yana can ƙasa da unguwarsu, tafiyar minti ashirin da keke. Tun daga bakin ƙofa warin giya da albasa ya tare ni. Bango duk kwalabe, ga famfunan giya a jere sun fi goma, mutane da tsakar rana suna kurɓa ko kunya babu. Ni da ɗankwalina da mayafina na tura keke tsakanin tebura, ina jin kamar kowa ya san na yi ƙarya a gida. Na roƙi a ba mu tebur na can lungu. Aka ce keken ba zai shiga ba, aka ajiye mu a bakin taga, inda duk mai wucewa a titi zai gan mu.

Musye Gaston kuwa ya zama wani mutum. Ya miƙe wuya, ya yi wa yarinyar da ke karɓar oda bayani da kansa, kalma huɗu a jere ba tare da ta maƙale ba. Aka kawo masa giya mai ruwan zuma a wani kofi mai ƙafa. Na ce a sa masa tsinken zuƙa, domin ni dai hannuna ba zai taɓa kofin nan ba. Ya zuƙa sau ɗaya, ya lumshe ido. Na yi istigfari a zuciyata na duba agogo.

Ina cikin haka na hango wani mutum ya fito daga kicin da tire, baƙi, mai furfura a gemu, da tabon salla a goshi. Na san shi. Malam Muniru ne, mutumin Kumasi, yana zuwa sallar Juma'a a masallacinmu na titin 116, matarsa kuma muna haɗuwa da ita a shagon da muke sayen gero. Idan ya gan ni zaune da kofin giya a tebur, kafin magariba labari ya kai wurin mutanenmu a unguwar Bronx, kafin asuba ya kai Maraɗi. Na ja mayafi na rufe gefen fuskata, na duƙa kamar ina gyara wa tsoho takalmi.

Shi ne kuwa ya kawo tukunyar. Ya ajiye, ya ɗaga murfi, ya fara wani bayani da Turanci. Ban ɗago ba. Na kaɗa masa hannu na ce na gode, na gode, mun sani. Ya ɗan tsaya, sannan ya tafi.

Ban san komai ba. Mu da muka tashi inda ko kifi sai busasshe, ina na taɓa ganin mul? Abin teku ne, baƙin ɓawo biyu a haɗe, irin makankarin da kakata ke kankare ƙanzo da shi, da ɗan nama ja-ja a ciki. Sun cika tukunya, duk sun wage baki cikin romon albasa da ganye, ga soyayyen dankali a gefe. Na goge hannu da ɗan ƙyallen da suka ajiye, na shiga cirowa ina sa masa a baki da cokali mai yatsu. Yana ci yana gyaɗa kai, yana goge baki da adikon tebur da hannunsa na hagu. Ni kuwa ido ɗaya a kan wayata ko Madam Helen za ta kira, ɗayan a kan ƙofar kicin.

Can ƙasan tukunya na tarar da guda biyar da suka ƙi buɗewa. A gidanmu ba a barin abinci a kwano. Uwata ko ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ta sa ka tsince ta. Abin da aka saya da tsada haka, kuma don shi na jefa aikina cikin haɗari, in bar shi a zubar? Na ɗauki wuƙar tebur na soka a tsagar na farko, na murɗa. Da ƙyar ya buɗe, har ya yanke ni a babban yatsa. Tsohon ya yi wani ƙara a maƙogwaro yana girgiza kai, na ɗauka tausayin yatsana yake ji. Na ce masa ba komai, Papa, buɗe baki. Ya dube ni, ya dubi yatsan, ya buɗe. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har biyar, ina alfahari da kaina, ina leƙen ƙofar kicin.

Da Malam Muniru ya dawo kwashe kwanuka ban yi saurin duƙawa ba. Ya dubi wuƙar, ya dubi fasassun ɓawon da ke gabana, sai ya yi magana da Hausarsu ta Zango, wadda mace da namiji duk ɗaya ne.

"Hajiya Zalika, ka buɗe closed ones ɗin?"

Kunya ta rufe ni, na ce, "Malam, wallahi aiki ya kawo ni, giyar nan ba tawa ba ce."

"Bar wannan, ni ma aiki na zo. Na ce ka ba shi waɗanda bai buɗe ba?"

"Na ba shi. Mi ya faru?"

"Shi ne nake gaya maka ɗazu ka kore ni. Wanda bai buɗe a pot ba, ba a ci. Mu nan chef yana cewa ya mutu tun kafin a dafa. Yana ɓata ciki sosai, balle old man kamar wannan. Guda nawa?"

"Biyar."

Ya dubi tsohon, kuma kallon nan ya ishe ni. Na durƙusa gaban keken na tambayi Musye Gaston da Faransanci ko yana jin wani abu. Ya buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Giyar da gajiya sun ƙara ɗaure masa harshe. Sai ya ɗaga hannun hagu yana bubbuga gefen cikinsa, yana kallona, yana ƙara bubbugawa.

Ban san yadda muka fito titi ba. Na tura keken da sauri har ƙafafunsa na gaba suna rawa, na tsaya a wata kusurwa kusa da mai sayar da 'ya'yan itace, numfashina yana sama-sama. Na sake tambayarsa. Ya sake dafa gefen cikin, fuskarsa ta yi ja, gumi a goshinsa.

A nan shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyan gani. Ba wanda ya sani sai Malam Muniru, shi kuma ba zai faɗa ba. In kai shi gida, in ba shi ruwa, in zuba ido. In ya yi amai in ce ciwon ciki ne na zamani, tsofaffi ai kullum cikin haka suke. Ina da 'ya'ya biyu a makaranta, ina da uwa a gida da take jiran saƙona. Na yi wajen minti biyar riƙe da waya ina wannan tunani, kuma ba zan ɓoye ba, na so in bi shi. Amma idan abin ya yi tsanani aka kai shi asibiti, likita ya tambayi me ya ci, ni kaɗai ce zan iya ba da amsa, shi ba baki gare shi ba. Na danna lambar Madam Helen.

Na faɗa mata duka, da gidan abincin, da giyar, da guda biyar ɗin, da ƙaryar da na yi a gaban kyamara. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta ce in kai shi gida yanzu, za ta kira likitansa, in ya fara amai in kira motar asibiti. Sai ta ce bayan likita za ta kira kamfani, ta kashe.

Mun shiga gida ana gab da la'asar. Na auna zafin jikinsa, lafiya lau. Na taɓa cikinsa, bai yamutsa fuska ba. Na ce bari in cire masa kwat ya sha iska. Ina zare hannun hagu na ji aljihun gefe a jiƙe, da nauyi, yana warin albasa. Na sa hannu na jawo. Adikon gidan abincin ne a dunƙule. Na warware shi a kan cinyata, sai ga su nan, guda biyar cif, ko tauna ɗaya ba a yi musu ba.

Na zauna a ƙasa. Ashe aljihun yake nuna mini tun a can.

"Papa, me ya sa ba ka tofar a gabana ba?" na tambaye shi. "Me ya sa ka karɓa?"

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Ya nuna yatsana da na naɗe da takarda.

"Kin wahala," ya ce.

Haushi ya kama ni, na kaina da nasa, da na uwata da ta koya mini tsince shinkafa. Na so in yi masa faɗa, sai hawaye suka riga ni. Na tashi na ɗaga adikon saitin kyamara, na kira Madam Helen na ce bai ci ba, ga su nan, ta duba. Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce ta gode wa Allah, kuma ta gode da na faɗa mata gaskiya. Sannan ta ce amma ba za ta iya barin mahaifinta a hannun wadda ke kallon kyamara ta yi ƙarya ba.

Kafin ƙarfe biyar matar kamfani ta kira. Ta ce daga gobe wata za ta karɓi gidan, in bar makulli wurin mai gadin ƙofa. Ta tambaya ko akwai abin da ya kamata sabuwar ta sani. Na ce Faransanci kaɗai yake ji yanzu, kuma sai an yi haƙuri an jira shi. Ta ce a halin yanzu ba su da mai Faransanci, amma za a duba.

Na ba shi maganinsa na yamma, na gyara masa matashi, na jera kayan barcinsa a inda sabuwar za ta gani. Bai san abin da aka faɗa a waya ba, domin da Turanci aka yi duka. Fuskarsa a sake take, rabona da ganinsa haka tun bara. Da ma'aikaciyar dare mai kwana da shi ta iso na ɗauki jakata, ina bakin ƙofa ya kira sunana, kuma kalmomin suka fito masa sumul.

"Na gode, Zalika. Sai gobe."

Na riƙe marfin ƙofar, na ce masa sai gobe, Papa.