Manyan da Grema Ya Zaɓa

Ibrah ya ture ƙwaron gefe da bakin allura, ya jawo wani ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Mace. Ya jawo na gaba. Mace kuma! Kai, wannan wace irin rana ce?

Ma'aikacin kare shuka ne a wani ɗan biro, wato ofis, a Diffa, ɗan Damagaram da aiki ya jefo gabas, kuma mutum ne mai saurin hawa. A kan benci kusa da ƙofa Grema ne zaune, dattijon Geskeru mai garkar tattasai a bakin kogin Komadugu, manomi da rana, masunci da asuba. Ganyen tattasansa ya soma nannaɗewa, gefensa na yin rawaya, kuma in ka taɓa shuka sai wasu korayen ƙwari da ba su kai ƙwayar shinkafa ba su watse. Ibrah ya koye su a lakwal, wato makaranta, da sunan sikadel, manoma kuwa 'yan tsalle suke ce musu.

To 'yan tsallen nan iri-iri ne, nan gizo ke saƙar ga mai aikin. Wani iri ruwan ganye kawai yake tsotsa, in aka rage shi shuka ta farfaɗo. Wani kuwa ciwo yake kwasa daga wannan shuka ya kai wa waccan, in shi ne sai an tuge duk wadda ta kamu an ƙone kafin ta shafa wa saura. Abin da Grema ya zo ji ke nan, ya tuge ko ya bari. In ya tuge a banza, rabin garka ya tafi. In ya bari alhali ciwo ne, duka ta tafi.

Da Ibrah da kansa zai je ya kamo su, amma moto na biro ba esans a tanki, shef mai gidansa kuma ya tafi taro Yamai da makullin komai a aljihunsa. Dole ya ɗinka raga da tsohon gidan sauro, ya ba Grema tare da kwalba mai alkol, ruwan da ke hana ƙwaro ruɓewa, ya ce ya kamo masa da yawa.

Tun safe yake kansu. Ya duba kai, mai tsini ne ko zagayayye. Ya duba goshi ko da ɗigo. Ya miƙe fiffike ya bi jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa jeren ƙayoyin ƙafar baya har idonsa ya yi ruwa. Da haka ya kore iri da dama, saura biyu, kuma biyun nan kamarsu ɗaya kamar tagwaye. Ɗaya mai tsotsa ne, ɗaya mai ciwo. Ba abin da ke raba su sai wata 'yar ƙugiya a ƙarshen cikin namiji. Namiji ɗaya tak yake nema, kwalba kuwa mata ce zalla.

"Baba Grema," ya ce, yana danne murya, "yaya ka yi ka kama su?"

Grema ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Hausarsa a lanƙwashe take irin ta Barebari.

"Malam Ibrah, na sha wuya kam. Raga ta cika. Na juye su a farantin matata Maimouna, fari tas, na zauna da tsinke ina zaɓe. Masu ƙiba na sa maka. Ƙanana, ramammu, ban sa ko ɗaya ba."

"Ƙananan suna ina?"

"Na watsa a kogi. Wa zai kawo wa babban mutum ƙananan abu? Ko kifi ne, manya ake kai wa baƙo."

Ibrah ya dafe kai da hannu biyu. Inna lillahi! A waɗannan ƙwari mace ta fi namiji jiki. Dattijon ya zauna da tsinke, da idonsa na tsufa, ya tsince mazan kaf ya ba kifi. Kuma don girmamawa ya yi! Da wani ne da Ibrah ya zazzage masa, to amma yaya za ka yi wa mutum faɗa yana kallonka yana jiran godiya?

"Tashi mu tafi," ya ce. "Yau da hannuna zan kama."

Suka hau bayan motar 'yan kasuwa mai komawa Geskeru, a kan buhunan da ƙaurin busasshen tattasai ya kama, Ibrah na atishawa yana tsinar shef a zuci. Grema kuwa sai murmushi yake, yana cewa in sun isa malam zai ga aiki.

Tun kafin su tsallaka kwalbatin ban ruwa Ibrah ya ji warin. Wari mai kama hanci, irin na maganin da ake shigowa da shi daga tsallaken kogi a jarka ba suna ba takarda.

"Baba, mi aka zuba a nan?"

"Magani," in ji Grema, yana taƙama. "Tunda na kama maka naka, sauran mi za su zauna yi? Jiya muka fesa. Famfon feshin na unguwa ne, in ya fito kowa sai ya yi rana ɗaya, har su Halilu masu garkar can ƙarshe."

Ibrah ya karɓi raga. Ya shiga tsakanin kunyoyi yana kaɗawa, hagu da dama, har ƙarshen garka, ya dawo. Ya buɗe, ba komai sai busasshen fure. Ya tsallaka garkar maƙwabci, haka. Ya durƙusa yana tonon gindin shuka ko zai tsinci gawa, amma an saki ruwa da safe, abin da ruwa bai kwashe ba tururuwa ta kwashe. Wandonsa ya yi caɓa-caɓa da laka, zufa na bin wuyansa, ya ji kamar ya kurma ihu. Wasu za su ƙyanƙyashe, ya sani, amma kafin su girma su yi fiffike, in ciwo ne ya gama zagaye garkar.

Grema ya tsaya a kansa, fartanya a kafaɗa. Murmushin ya tafi.

"Malam Ibrah, in tuge ko in bari?"

Ibrah ya dubi shukokin. Ga 'ya'ya sun soma ja, ga ganye a nannaɗe. Da sauƙi ya faɗi ɗaya daga ciki, dattijon zai bi ba musu. Wannan ne ma ya fi ci masa rai.

"Baba, ban sani ba."

"Kai da gilashinka?"

"Ni da gilashina. Namiji nake so, ɗan ƙarami, ramamme. Irin waɗanda ka watsa."

Grema ya juya ya dubi kogi, ya daɗe yana duba. Ya sauke fartanya, ya ce Allah ya kyauta, ya shige cikin garka. Ibrah ya zauna a bakin kwalbati yana kankare laka, ransa a jagule, yana jin motar kasuwa na hon a bakin hanya.

Can sai ga dattijon ya dawo riƙe da bakin rigarsa, ya juye masa tattasai a cikin ragar da ba ta kama komai ba. Baƙo ba ya barin garka hannu wofi. Jajaye ne, manya-manya, daga 'yan shukokin da ke da sauran lafiya.

"Ka kai wa iyali," ya ce. Ya dubi ragar, muryarsa ta yi ƙasa. "Su ma na zaɓa."