Ranar da Direba Ya Zauna a Gefe

"Matso, Kafinta, ka tare min rana," in ji shi, kansa na cikin injin.

Maƙwabcina ne, Direba muke ce masa. Ciwon ƙirji ya cinye shi, rigarsa ta yi masa yawa. Likita ya ce a kawo shi asibiti a kwantar. Shi kuwa ya rantse ba mai loda shi a motar haya kamar buhu. A tsohuwar motarsa zai je, hannunsa a kan sitiyari. Motar ta daɗe a ajiye, mai ya ƙi zuwa.

Ya riga ya kwance kafireta ya wanke ta a tsohon kwano. Saura tiyon da ya taho daga tanki. Da baki yake zuƙo mai, haka yake yi tun yana saurayi. Ya kafa baki ya ja. Tari ya sarƙe shi har ya durƙusa.

Matarsa ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, don Allah a kira makanike."

"Ya taɓa min mota ina raye? Koma ciki."

Bai roƙe ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na ɗauki tiyon, na goge da bakin riga, na ja. Iska kawai. Na sake ja. Tsatsa da fetur suka cika min baki, na tofar.

"Ka haɗiye?"

"Kaɗan."

"To yau kada ka je kusa da ashana." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ya mayar da tiyon, ya ɗaure da waya, ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi gurnani ta mutu. Ya sake. Ta tashi, hayaƙi ya cika layin.

Sai ya taka kuloci, ƙafar ta ƙi. Ya dafa gwiwa da hannu biyu ya danna, bai kai ƙasa ba. Ya zauna yana kallon gaba, inji na ta aiki.

Autarsa, wadda ya koya wa tuƙi, ta zo jikin taga.

"Baba."

"Na sani."

Ya fito. Na miƙa masa hannu, ya ture. Ya zagaya yana dafa motar, ya shiga ɗaya gefen. Tun da na san shi ban taɓa ganinsa a wannan kujera ba.

"Giya ta biyu tana da gardama," ya ce wa yarinyar. "Lallaɓa ta za ki yi."

Suka tafi a hankali. Ina ji ta sa ta biyun a kwana, ba ƙara.

Bai dawo ba. A asibitin ya cika. Bayan mun kai shi makwancinsa, yarinyar ta maido da motar ƙofar gida. Da safe na leƙa ta gilashi. Kujerar gefe a kwance take, yadda aka kwantar masa a hanya. Har yau ba wanda ya ɗaga ta.