Fitilar Zauren Iya Ramatou

"Iya, rana tsaka ce fa," in ji Nuriyya, ta yi ɗage tana miƙa hannu ga makunnin fitilar zaure.

"Sauke hannunki, 'yar nan," in ji maƙwabciyarmu Iya Ramatou daga kan tabarmarta. "Wannan ta Ghali ce."

Nuriyya 'yata ce. Tun da malamarsu ta koya musu cewa wutar da aka bari a banza tana ƙara wa gari zafi, ta hana mu sakat. Fanka, rediyo, cajar babanta, ba abin da ya tsira. Da ta gama da mu sai ta faɗa gidan Iya.

Ghali kuwa ɗan Iya ne tilo. Shekarun baya ya haye gadar Ngueli ya ƙetare iyaka da kayan saye da sayarwa, har yau shiru. Ƙofofin lungunmu na unguwar Mardjandafak duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ta bar masa fitila, kada ya dawo ya wuce gida.

"Metires ta ce a kashe," in ji Nuriyya, haka suke kiran malamarsu. "In da rana ya zo, ai zai ga ƙofar."

Iya ta ce, "Kalas, shi ke nan. Ki kashe da safe, ki kunna da magariba. Ranar da kika manta, ba ni ba ke."

Ba ta taɓa mantawa ba.

Da bazara ta tsananta aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, Iya kuma ta kwanta rashin lafiya. Ina yi mata fifita wata magariba na ji ƙarar makunnin.

"Kin kunna?" in ji Iya.

"Na kunna, Iya. Wutar ce babu," in ji Nuriyya daga zaure.

"Bar ta haka."

Washegari da hantsi ta cika. Na yi kuka kamar uwata ce, Nuriyya kuwa ko abinci ta kasa ci. Ba wanda ya tuna da makunni.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gidan, rana na dukan kwanon rufi, sai aka kawo wuta. Fitilar zauren ta kama da kanta. Mata duk suka juya suna kallon ƙofa.

Ba wanda ya shigo. Na dubi Nuriyya. Tana zaune a bakin tabarmar Iya, hannayenta a cinya, ba ta tashi ta kashe ba.