Kwana Goma Sha Biyu a Cikin Durowa

Wata huɗu ke nan rabon garin da ruwan sama, don haka da Injiniya ta sauka ƙarƙashin gada ranar Litinin da safe ta tarar kogi ya hau, idonta ta fara zargi. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Sandar awo tana nan kafe a jikin ginshiƙin gada, da lambobinta baƙi da ja. Jiya ruwa yana kan arba'in. Yau ya haɗiye casa'in, yana neman ɗari. Ga shi jawur, ga sanyi, yana tafe da ciyayi da karare.

"Wannan kuma daga ina?" ta faɗa a fili, alhali ba kowa a wurin.

In za a faɗi gaskiya, ita ba injiniya ba ce. Ma'aikaciyar awo ce a ofishin kula da kogi, aikinta ta karanta sandar nan safe da yamma ta rubuta a littafi. Baba ne ya laƙa mata sunan ranar da ta fara aiki, don alfahari, gari kuma ya ɗauka. Kogin daga maƙwabciyar ƙasa yake gangarowa, kuma a can akwai madatsar ruwa mai ƙofa shida. Ƙasashen biyu sun yi yarjejeniya cewa ba za a buɗe ko ƙofa ɗaya ba sai an aiko da sanarwa a rubuce, kwana goma kafin ranar. Da wannan yarjejeniya manoman garin suke sauka cikin kwarin kogi duk rani su shuka albasa da tumatir. Su ba su san wata yarjejeniya ba, ita suka sani. Ko Larabar da ta wuce sai da Baba ya tare ta a ƙofar gida ya tambaye ta ko ya fara cire albasa.

"Bar ta ta ƙara ƙosawa, Baba," ta ce masa. "Babu wata sanarwa."

Baba kuwa ba ya iya riƙe magana. Kafin yamma duk wanda ke da gona a kwari ya ji cewa Injiniya ta ce a kwantar da hankali. Gonar Baban ita ce mafi nisa, can kan tsibirin yashi da ke tsakiyar kogin.

Ta kira wayarsa sau uku. A na ukun Mama ta ɗauka, ta ce ai kin san halinsa, ya bar ta a kan tabarma ya fita tun asuba shi da Yayanku.

Ƙarfe goma ta wuce ta isa ofis. Ɗaki biyu ne da baranda, fanka ɗaya mai kuka, taswirar kogi a bango wadda rana ta cinye rabin launinta. Darakta ya dawo ke nan daga taron sati uku da aka yi kan haɗin kan ƙasashe wajen kula da kogi. Ya dawo da sabuwar jaka da ƙaton tumbi, yana ba tsohon Masinja labarin otal.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya hau," ta ce, ko gaisuwa ba ta gama ba. "Ya kusa ɗari."

"Ɗari? A wannan ranin?" Ya yi dariya. "Ko dai tabarau ɗin naki ne yake son canji?"

"Sau uku na karanta."

"To, an aiko da sanarwa ne?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai idonta ya sauka kan durowar ƙarfe da ke bayan kujerarsa. A ofishin nan akwai doka: duk wasiƙar da ta fito daga ƙetaren iyaka, Darakta kaɗai ke buɗe ta, don ana ɗaukarta maganar gwamnati da gwamnati. Shekarun baya wani akawu ya taɓa buɗe guda, aka dakatar da shi wata shida, tun daga nan ko ƙuda ba ya sauka kan irin ambulan ɗin. Kuma kwanakin baya an kawo wata. Ita ta sa hannu ta karɓa, ta zura ta ta kafar durowar, ta koma kan littafinta. Irin waɗannan wasiƙun duk gayyatar taro ne, ko gaisuwar sabuwar shekara. Ba ta sake tunawa da ita ba.

"Akwai wata a durowa," ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

Darakta ya lalubo mabuɗi cikin sabuwar jakar, ya buɗe, ya yage ambulan. Tana kallon fuskarsa dariyar ta zube. Ya karanta a fili, yana in'ina. Za a yi gyara a madatsa, dole a rage ruwa. Ranar Lahadi za a buɗe ƙofa ɗaya. Ranar Litinin, ƙarfe shida na safe, za a buɗe sauran biyar. Ana roƙon a kwashe mutane da dabbobi daga kwarin kogi.

"Wace Litinin?" in ji Masinja.

Ta leƙa takardar: Litinin ɗin yau ce. Hatimin karɓa yana nan a bayan ambulan, da kwanan wata, da sa hannunta: kwana goma sha biyu da suka wuce. Ta fi kowa sanin lissafin da ya rage. Daga madatsa zuwa gada, ruwa awa shida yake yi. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata.

"Innalillahi," Darakta ya ce, ya zube kan kujera. "Bari in kira hedikwata. A'a, sai an rubuta tukuna. Ina takarda? Wa ya karɓi wasiƙar nan ma?"

"Kawu, ta da babur," ta ce wa Masinja. Motar ofis dai shekara guda ke nan tana zaune kan duwatsu.

A hanya tana ta ba kanta haƙuri cewa ruwan safe ya isa ya kori mutane zuwa tudu. Da suka iso gangaren kwari ta ga abin da ke ƙasa, sai ta kasa sauka daga babur ɗin. Ruwan safen bai kori kowa ba, jawo su ya yi. Da aka ga ya fara shiga kunya-kunya, kowane manomi ya aika gida a zo a taya shi ceto amfani. Rabin gari yana cikin kogi. Mata da goyo suna tsuge suna tuge albasa, tsofaffi suna ɗura buhu, ga amalanke da jakuna, har da mai sayar da ruwan sanyi yana zagayawa. Sama kuwa tas, ko ɗigon gajimare babu.

Ta gangara da gudu, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo ta bar shi.

"Ku fito! Ku hau tudu! An buɗe madatsa!"

'Yan kusa suka ɗago suka dube ta. Wani maƙwabcinsu da ake kira Dogo, mai gona a bakin hanya, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"A'a, Injiniya da kanta. Ai mun ga ruwan. Ɗan wannan ne zai ci mu? Zuwa la'asar mun gama."

"Wannan ƙofa ɗaya ce! Biyar suna hanya!"

"Ba ke kika ce babu sanarwa ba?" wata mata ta jefo daga baya. "Laraba kin ce a zauna, yau kin ce a gudu. Wanne za mu kama?"

Aka yi 'yar dariya, kawuna suka koma ƙasa. Ta duba agogon hannunta: sha ɗaya da ashirin. Ta gane cewa muddin suna ganin ta a matsayin wadda ba ta kuskure, maganar Laraba ce za ta yi nasara. Ta haye kan wani amalanke, ta ɗaga ambulan ɗin da ta fizgo daga teburin Darakta.

"Akwai sanarwa! Ga ta nan! Kwana goma sha biyu ke nan da zuwanta. Ni na karɓa, da hannuna, na jefa a durowa ban buɗe ba. Ranar da na ce muku babu, tana ciki. Ku zage ni, ku dake ni, amma ku yi a kan tudu. Sha biyu ruwa zai iso!"

Dogo ya saki baki yana kallonta. Sai wata tsohuwa ta rafka salati, ta suri jikarta ta nufi gangare, kwarin gaba ɗaya ya hargitse. Maganar ta riƙa tafiya daga gona zuwa gona fiye da yadda ƙafa za ta kai ta. Aka watsar da buhuna, aka kwance jakuna, masu ƙarfi suka ciccibi marasa ƙarfi.

Ita kuma ta kutsa ta inda kowa ke fitowa. A bakin rafin da ya raba tsibiri da sauran gonaki ta tsaya. Da safe a nan ruwa iya idon sawu yake, yanzu ya kai gwiwa. Ta hango Baba da Yaya suna kokawar kwance injin ban-ruwansu.

"Baba! Yaya! Ku bar shi!"

Yaya ya ɗaga mata hannu alamar minti biyu. Ta shiga ruwan har cinya tana ihu, har muryarta ta dishe. Sai suka ji abin da ita ma ta ji, wani gurnani daga sama da kwanar kogi, kamar manyan motoci sun jero. Yaya ya saki injin, ya kama hannun Baba. Kafin su kai tsakiya ruwa ya kai ƙirji. Sau biyu ƙafar Baba tana ɗaukewa, Yaya yana riƙe da wuyan rigarsa. Ta cafki hannun Baba, su uku suka yi ta tuntuɓe cikin albasar mutane har gangare, inda Masinja da wasu suka jawo su sama.

Ba su gama mayar da numfashi ba ruwan ya iso. Ba a ga wani tsayi mai ban tsoro ba, faɗi ne da shi, daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da itatuwa da wani rufin kwano. Ya shafe kunya-kunya, ya ɗaga buhunan da aka cika ya tafi da su, ya kifar da amalanken da ta tsaya a kai. Cikin minti goma babu tsibiri. Ɗaruruwan mutane suna tsaye cirko-cirko a rana. Albasa ta riƙa tasowa tana yawo a saman ruwa, ja da fari, iya ganin ido.

Aka shiga kiran sunaye, kowa yana lissafa nasa. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Sai da aka tabbatar da haka sannan kuka ya ɓarke.

Baba yana zaune a ƙasa, ba hula, rigarsa ta manne da jiki. Ita ba ta taɓa lura ya tsufa haka ba. Wani ya riga ya faɗa masa, ta gani a fuskarsa.

"Gaskiya ne?" ya tambaya, bai ɗago ba. "Ke kika karɓa?"

"Ni ce, Baba. Doka ce ta hana a..."

"Kwana huɗu ya ishe mu mu kwashe kwarin nan kaf," ya ce. "Huɗu."

Sai ga Dogo ya ratso taron, idonsa jajur, wasu samari suna biye da shi.

"Ina take? Shekarata guda ta tafi a ruwa! Ina mai durowar?"

Baba ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya shiga tsakani, ya buɗe hannuwa.

"Dogo, tawa gonar ma ga ta can ƙarƙashin ruwa. 'Ya'yanka biyar na gani a kan tudu, ka ƙirga su. Duk wanda zai taɓa yarinyar nan, ya fara da ni."

Dogo ya tsaya yana huci. Ya dubi tsohon, ya dubi kogin, sai ya durƙushe ya rufe fuska da hannu biyu. Samarin suka ja baya.

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Ta matsa ta kama hannun Baba, tana so ta ce ya yafe mata. Ya zare hannunsa a hankali, ba da faɗa ba, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki wuce gidan Gwaggonki," ya ce. "Kada ki zo gida yau. Ban san abin da zan ce miki ba."